Ruwan da Na Hana Bello

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne Mai tsare wanda ya kama hanya da wanda aka bari a gida.

Zuwa ga ɗana Sada, a gidan yayarka Hajara, Batsari.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata ka isa lafiya, ka sami Hajara da maigidanta da yara cikin ƙoshin lafiya. Mu nan Yasore sai godiyar Allah. Innarka tana gaishe ka. Ba zan cika ka da labarin gida ba, jiya-jiya ka baro shi.

Malam Haruna mai koyar da manya karatu ne yake rubuta mani wannan. Ka san ni ban yi boko ba, kuma da aka buɗe ajin manya na ce ba mai zaunar da ni a benci da furfurata. Na ce mashi ya rubuta yadda ta fito daga bakina, kada ya gyara mani.

Da ka zo sallama ka roƙe ni jakar wasa, ka ce a sansanin masu shimfiɗa bututun mai za ka riƙa zaunar da abokan aiki ranar hutu. Na ba ka. Da ka ce za ka rubuta dokokin a littafi sai na taso maka da faɗa, muka rabu a haka. Tun da ka fita ƙofa nake juya maganar. Gaskiyar ita ce, abin da na ba ka rabi ne. Ɗaya rabin yana cikin kan Bello, tsohon abokina, a Tsaskiya, kuma an ce mani ƙirji ya kama shi, bai fita ko masallaci sai an riƙe shi. In ya tafi, ya tafi da shi. Motarku sai Asabar, kana da kwana huɗu. Ina so ka je wurinsa. Amma ba zan aike ka ido rufe ba, sai ka ji abin da ya raba mu.

Bari in faɗi wasan yadda na karɓe shi, tunda shi ma Malam Haruna bai taɓa zama ya gani ba. Kawuna Barau ne ya zo da shi daga fatauci, can suke yin sa a zango in jakuna suna hutawa. Sunansa Tafiya. Ana yin sa da rani, in an gama sussuka, tsakanin azahar da la'asar, ko bayan la'asar zuwa faɗuwar rana. Mutum ɗaya ya riƙe sanda, ya zana ƙasa a kan yashi, ya faɗi abin da ke cikinta. Sauran kowa ya ajiye dutsensa, dutsen nan shi ne mutuminsa, da sunansa da halinsa. Mai sanda ya ce ga ku a bakin kogi, ya cika, me za ku yi? Kowa ya faɗi nasa. In abin mai wuya ne sai a watsa ɓawon gyaɗa huɗu, in uku suka kalli sama an dace. Kawu ya ce da wuri ake watsawa a da, shi ya mai da shi ɓawon gyaɗa don kada a kira shi ɗan caca.

Da Kawu ya tsufa sai ya raba ƙasar biyu. Ni ya ba ni garuruwa, ganuwa da kasuwa da fada da maƙera, da duk asirin da ke cikin gari. Bello kuwa, da yake Bafillace ne mai bin shanu, rugarsu tana yamma da mu a lokacin, shi ya ba daji, rijiyoyi da duwatsu da iskoki, da asirin daji. In matafiya suka fita ƙofar gari sai in miƙa mashi sanda in koma ɗan wasa. In suka shigo gari ya maido mani. Na tambayi Kawu me ya sa bai ba ni duka ba, ni ne jininsa. Ya ce ya san halina.

Asiri shi ne gishirin wasan, kuma nan ne mai sanda yake hallaka. Kowane asiri sai da abu uku. Akwai uwarsa, wato inda mutum ya samo shi. Akwai cinsa, abin da yake karɓa a wurin mai shi. Akwai makarinsa, abin da ke karya shi. Mutumin Ilu maƙeri yana da maganin ƙarfe, wuƙa ba ta kama shi, amma bai ɗanɗana gishiri, kuma in mace ta tsallaka inuwarsa ya zama kamar kowa har kwana bakwai. Bayan wannan akwai ƙoƙon nan da ke cikin jakar, mai 'ya'yan tsamiya. Rijiya muke ce mashi. Asirin ƙasar duka daga nan yake fitowa, ba na mutum ɗaya ba ne. Duk wanda ya yi aiki da nasa sai ya ɗebi 'ya'ya ya zubar. In ta yi ƙasa, asirin kowa ya yi rauni, har na abokin gaba. Ba ta cikowa sai a hankali, ɗaya-ɗaya, duk zaman da aka tashi ba wanda ya taɓa ta. Shi ya sa kafin mutum ya ɓace ko ya tashi sama sai ya dubi fuskokin 'yan'uwansa.

Kuma da an kira salla ake shafe yashin da tafin hannu. Marigayi liman ya taɓa zuwa ya tsaya a kanmu, ya tambaye ni ko tsafi muke yi. Na so in yi mashi gardama, Bello ya taka mani ƙafa, ya shafe zanen a gabansa ya ce mashi iyakar asirin ke nan, ga shi ya tafi. Liman ya yi dariya ya wuce. Ka riƙe wannan. Inda za ka akwai mutane iri-iri, wani zai tsorata, wani kuma zai zaci da gaske kana da wani abu a jaka. Ka shafe a gabansu, ka tashi ka yi alwala.

Kuskurena na farko, shekarar da aka sami mulkin kai na yi shi. Wani akawun sayen gyaɗa ya sauka garinmu, mai agogo da takalmin fata. Ya ga muna wasa ya ce a ba shi dutse. Ni kuwa ina so ya koma birni yana faɗin sunana. Da ya ce yana son layar zana, wadda in ka matsa ta ba mai ganinka, sai na ba shi haka nan, ba ci, ba makari, ban ma sa shi taɓa rijiya ba. Rana ta farko an sha dariya, ya shiga fada ya cire wa sarki rawani. Rana ta biyu ya kwashe taskar sarki, ya kashe dodon da muka yi wata guda muna shirin tunkara. Rana ta uku ba abin da ya rage a ji tsoro. Ilu ya ce to shi don me mutuminsa yake cin tuwo lami shekara da shekaru? Ya ɗauki dutsensa ya koma maƙera. Akawun da kansa ya fara hamma, ya ce wasan na yara ne. Bello ya dube ni ya ce, “Kaɗo, ka buɗe wa sa ɗaya shinge, kana mamaki gona ta ƙare.” Kaɗo yake ce mani, ni in ce mashi ɗan nagge. Sai da rani ya zagayo kafin mutane su dawo tabarma.

To, kai ma za ka gamu da naka akawun. Heluma, shugaban leburori, zai zo, ko wani babba da kake son ya san da zamanka. Ka ba shi wurin zama mai kyau, ka ba shi dutse mai kyau, amma asirinsa ya ci shi kamar na lebura. Ba wulaƙanci ba ne. Wanda aka ba komai a banza shi ne farkon wanda yake gajiya.

Wancan na yi shi da wauta. Na biyun da saninsa na yi shi, kuma shi ne dalilin takardar nan.

Akwai wani gari a rabona, Birnin Ƙaya. Na ɗauki rani uku ina gina labarinsa. Sarkin Fari ya ɗaure sama a kansa, rijiyoyin gari suna ƙafewa ɗaya bayan ɗaya, kuma tun farko na yanke a raina cewa garin zai watse. Na tsara ƙarshen tsaf. Na san wace tsohuwa ce za ta fita ƙarshe, na san abin da za ta faɗa in ta juyo ta dubi ƙofa. Ina noma ina maimaita kalmomin. Har na riƙa ganin yadda idon mutane zai kawo ruwa, su ce Audu ya fi Kawunsa.

Mutumin Bello sunansa Gide, makiyayi ne. Asirinsa na kiran ruwa ne, wata tsohuwa ta ba shi a bakin rijiya. Tun zamanin Kawu aka yanke sharuɗɗansa. Sau ɗaya ake kira a rayuwa. Cinsa shi ne garken Gide duka, ko ɗan maraƙi ba zai rage ba. Sai rijiya tana cike taf zai yi aiki. Makarinsa kuwa, in Gide ya taɓa yin barci ƙarƙashin rufi, shi ke nan ya lalace.

Rani ukun nan, duk lokacin da matafiya suka shiga gari na ce an ba su masauki, sai Bello ya ce Gide ya gode, zai kwana bakin ganuwa. Na sa sarki ya gayyace shi, ya ƙi. Na sa ɓarayi suka yi mashi duka a waje, ya kwana a waje. Na sa mashi zazzaɓi, ya ce a shimfiɗa mashi a tsakar gida. Ana yi mashi dariya, ana ce mashi Bafillace ko a yashi bai yarda da ɗaki ba. Ban da haka ya bi sauran ɗaya-ɗaya yana lallashi kada su taɓa rijiya. Mutumin Ilu ya yarda aka sare shi a kafaɗa da takobi, alhali yana da maganin ƙarfe, don dai kada a ɗebi ƙwaya. Ina gani, amma na ɗauka rowa ce irin ta masu shanu. Ban taɓa kawo wa raina cewa su biyar ɗin sun haɗa kai za su ceci garin da na riga na binne ba.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne, a gindin tsamiyar ƙofar gidan Ilu. Sanda tana hannuna. Na ce rijiyar ƙarshe ta ƙafe, mata sun fara ɗaure kaya. Na buɗe baki zan shiga maganar tsohuwar nan sai Bello ya ce in dakata. Ya jawo ƙoƙo ya ajiye a tsakiya, kowa ya gani cike yake. Ya ce Gide ya kora garkensa bakin ƙofar gabas, ya kira shanun da sunansu ɗaya bayan ɗaya, ya sallame su. Sai da ya kira sunayen nan kuwa, wajen ashirin. Ya kife ƙoƙon a ƙasa. Ya ɗebi ɓawon gyaɗa ya watsa. Duka huɗun suka kalli sama.

Ilu ya ɗaga kai ya dubi sama ta gaskiya, kamar zai ga hadari. Duk suka juyo suna jirana in ce ruwa ya sauko.

Sada, ni abin da na gani a lokacin shi ne tsohuwata da maganarta da na yi rani uku ina gogewa, za su tafi a banza. Sai na ji bakina yana cewa ai asirin ya daɗe da karyewa. Na ce bara waccan, ranar da suka shiga zauren maƙera gudun rana, Gide ya jingina da bango gyangyaɗi ya ɗauke shi. Ba a yi haka ba. Nan take na ƙaga shi. Ilu ya ce shi fa bai tuna da wannan ba. Na ce mashi in bai tuna ba ni na tuna. Ka san matsayina a garin nan. In an yi rikicin iyakar gona ni ake kira, in ana son sanin wa ya haifi wa ni ake tambaya. Wa zai ce Audu ya manta, balle ya ce Audu ya yi ƙarya? Da wannan amanar na danne su.

Bello bai ɗaga murya ba. Ya tattara 'ya'yan tsamiyar ya mayar cikin ƙoƙo, ya ɗauki dutsensa ya sa a aljihu. Sannan ya ce, “Audu, shanun na yashi ne, ban rasa komai ba. Amma rani uku ina kwana a waje don na yarda da maganarka.” Tun muna samari bai taɓa kirana Audu ba sai ranar. Ya saɓa sandarsa ta kiwo ya tafi.

Na ƙarasa labarina. Na watsa garin, na fito da tsohuwar, ta faɗi maganarta kalma ba ta ɓace ba. Mutum huɗu suna zaune suna kallon ƙafafunsu. Da na gama wani ya ce magariba ta kusa, aka shafe yashi aka tashi.

Ga abin da nake so ka ɗauka. Mai sanda shi ke faɗin yadda duniyar take, amma ba shi kaɗai ke da ita ba. Asiri alkawari ne tsakaninka da wanda ya zauna gabanka: in ka biya kaza, ka kiyaye kaza, za ka sami kaza. A kan wannan yake haƙuri, a kansa yake shiri. Ran da ya cika nasa, ka cika naka, ko da zai rushe abin da ka fi so a labarin. Za ka tsara ƙarshe mai daɗi, na san ka, jinina ne. Wata rana wani lebura da ba ka zata ba zai zo da dabarar da za ta kashe maka shi. Ka bar shi ya mutu. Da na bar ruwan nan ya sauka, da har yau ana ba da labarin ranar a Yasore. Nawa ƙarshen kuwa, ko Ilu da yake wurin bai iya tuna abin da tsohuwar ta ce.

Na uku ya fi su muni, don shi ba a yashi na yi shi ba. Na yi zaton Bello zai huce ya dawo. Shi kuma yana jira in taka in je. Rani ya wuce, wani ya wuce. Sai farin nan na gaske ya zo, kana makaranta lokacin, ka tuna yadda gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Shanun Bello suka riƙa faɗuwa, na ji an ce da 'yan ƙalilan ya tsira. Ya tashi ya koma Tsaskiya wurin surukansa. Mutanen garin nan suka tafi yi mashi jaje. Ni ma na ɗaura wa jaki akumari, na fita har bayan gari, sai na tsaya. Na ce da wane baki zan yi wa mutumin nan jajen rashin ruwa? Na juyo gida na ce wa innarka jakin ne ke ɗingishi. Kunya na kira abin a lokacin. Yanzu na san girman kai ne ya sa rigar kunya.

Sau ɗaya muka haɗu bayan nan, a kasuwar Safana. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya iyali, ya gajiya, ya ƙarfin jiki, ya mutanen gida, ba abin da muka bari. Da gaisuwa ta ƙare ya tsaya riƙe da hannuna, bai saki ba. Jira yake. Ni kuwa sai na tambaye shi ko hanyar Tsaskiya tana biyuwa da damina. Ya ce tana biyuwa. Ya saki hannuna.

In ka yi wa mutum ba daidai ba, ka je da wuri, tun abin yana ƙarami. Kwana ɗaya da na bari ya zama shekara goma sha. Ba a ƙara mani komai a garin nan don na ƙi sunkuyawa ba.

Yanzu sauran abin da ya shafe ka kai tsaye. Dajin da na koya maka ba na Kawu ba ne. Da Bello ya tafi sai na riƙa ƙin fitar da matafiya daga gari, in dole ta kama in yi faci da abin da na tsinta lokacin da nake ɗan wasa a hannunsa. Sunayen rijiyoyi na san wasu. Amma uwar kowane asiri da cinsa da makarinsa, yawanci ƙaga su na yi. Ka tuna ranar da ka tambaye ni me ya sa asirin daji bai haɗa jiki kamar na gari, yau iska tana tsoron toka gobe ba ta tsoro? Na ce maka ka cika surutu. Gaskiyarka ce. Faci ka gani.

Maganar littafi kuma. Na ce maka abin da ke cikin kai ya fi abin da ke cikin takarda, har yanzu ban sauka daga wannan ba gaba ɗaya. Amma ba shi ya sa na yi maka faɗa ba. Da sharuɗɗan Gide da kwanakinsa a rubuce suke, da ban sami ƙofar da na bi ba. Abin da na ji tsoro ke nan, takarda ba ta jin nauyin furfura. Ka rubuta. Duk wanda ka ba asiri, ka karanta mashi cinsa da makarinsa a gaban kowa kafin a watsa ɓawo ko sau ɗaya. In gardama ta tashi a kan abin da ya wuce, kada ka ce kai ka tuna. Ka tambayi waɗanda suke zaune.

Gobe da safe ka nemi abin hawa zuwa Safana, daga nan ba za ka rasa mai kai ka Tsaskiya ba. Ka tambayi gidan Bello na Yasore, haka suke kiransa can. Ka riƙa goro. Ka durƙusa ka gaishe shi, Baffa za ka ce mashi, shi ya riƙe ragon sunanka aka yanka. Kada ka fara da zancen wasa, kada ka fito da littafi. In an gama gaisuwa ka ce ni na aiko ka da saƙo, ka faɗe shi kamar haka, kada ka sassauta ko kalma ɗaya don kare ni: Gide bai taɓa barci a zauren maƙera ba. Audu ne ya ƙaga, yana sane. Asirin bai karye ba, ruwa ya sauka a Birnin Ƙaya, ba wanda ya tashi daga garin. In da mutane a wurin kada ka jira su fita, a gaban mutane na yi mashi.

Bayan nan ka yi shiru. In ya ga dama ya ba ka dajin, ka zauna ka rubuta duk abin da ƙirjinsa ya bar shi ya faɗa, kada ka gajiyar da shi. In ya hana, kada ka roƙa, nasa ne, kuma ba saye na aike ka da saƙon ba. Abu ɗaya kawai za ka tambayar mani: ko ya yarda in zo. In ya ce to, ka bar wa Hajara sallahu, ranar da ya iso ni ranar zan kama hanya.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya kai ka a kan lokaci. Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe da sharrin mugun aboki. Ya ba ka shugabanni masu adalci, Ya sa ka zama mai adalci ga wanda ke ƙarƙashinka. Ka riƙe salla, ka riƙa aiko wa innarka da labari. Allah Ya ba Bello sauƙi, Ya yafe mana baki ɗaya. Allah Ya yi maka albarka, Ya maido mana da kai cikin aminci.

Ni ne mahaifinka,
Audu, Yasore.